Sun Auna Gidanki Tun Ba a Naɗe Tabarmi Ba, Hasiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Zulƙida na shekarar 1446, daidai da 6 ga watan Mayu 2025, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran kakata Hasiya ɗiyar Hassan, matar marigayi Malam Yusufu na gidan Bakari mai soro da ke tsakiyar garin Tibiri. Ta cika a Maradi, a gidan babban ɗanta Alhaji Magaji, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ta haura shekara tamanin. Ta bar 'ya'ya uku, Kawu Magaji da Kawu Cindo da mahaifiyata, da jikoki masu yawa. Ta kuma bar gida guda wanda ta tayar daga kango da hannunta, kuma saboda gidan nan ne nake wannan rubutu raina a ɓace.

Hasiya, ni kaɗai ne a zuriyarki ke kiran ki da sunanki haka tsirara, kuma ba zan bari ba don kin mutu. Tun ina rarrafe kike ce mani maigida, ni kuma da na yi baki na ce maki amarya. Kin sha kai ƙarata wurin uwata wai ban ba ki cefane ba, ni ma na sha shaida wa mutane cewa na gaji da auren tsohuwa marar haƙori. Wasan jika da kaka ne, kowa ya san shi. Kowa kuma ya san in tsoho ya cika da shekarunshi, jikoki ba kuka suke ba, wasa suke yi. Don haka mutane suka zuba ido su ga abin da Garzali zai yi ranar da amaryarshi ta tafi, tunda an san ni da tsokana tun ina makarantar allo. Na yi wasan, amma ba irin wanda suka zata ba. Zan zo kanshi. Bari in fara da gidan.

Surukinki Bakari ya gina shi, lokacin da ruwan Gulbi ya tashi mutane daga tsohon mazauninsu suka hawo tudu. Zaure biyu ne, na farkon rufinshi ɗaurin guga, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, ga zankaye a bisa ana hango su tun daga bakin kasuwa. Nan aka kawo ki amarya, nan kika yi goyo, nan kika yi takaba. Da Malam Yusufu ya rasu, 'ya'yanki suka ce ba za su bar ki ke kaɗai cikin ginin ƙasa ba, suka ɗauke ki zuwa Maradi. Niyyarsu mai kyau ce, ban musa ba. Amma gidan, kwaɗo suka sa mashi suka manta, fiye da shekara ashirin. Ƙyauren ya ruɓe ya faɗi, ya bar kwaɗon yana rataye yana tsaron iska. Jemagu suka gaji zaure, awakin unguwa suka gaji tsakar gida, tumfafiya ta tsiro a ɗakin da kika haihu, maƙwabta suka mayar da ƙofar juji. Kowace Sallah sai kin ce a kai ki ki gani. Kowace Sallah sai a ce maki, "Sai bayan damina, Inna."

Ni na kai ki, kuma da tsokana na kai ki. Bayan girbin gero ne, shekara biyu ke nan, kika ce in ɗora ki a moto in kai ki kasuwa sayen daddawa, tunda kabu-kabu nake yi, ke kuwa ba ki taɓa biyana ba, wai mata ba ta biyan miji. Muna hawa titi sai na karkata hanyar Tibiri. Kina dukan bayana kina cewa, "Kai ɗan nema, ina za ka da ni?" Na ce, "Na sake ki, Hasiya. Gidan tsohon mijinki zan mayar da ke." Kika yi ta dariya har da tari. Da muka tsaya ƙofar gidan, dariyar ta yanke. Kika sauka, kika tsallake juji, kika shiga zaure kika ɗaga kai kina kallon rufi. Na zaci kuka za ki yi, har na fara laluben abin da zan faɗa in ba ki dariya. Sai kika kakkaɓe dakali da gefen zanenki, kika zauna, kika ce, "To, ka kawo ni, Allah Ya yi maka albarka. Koma ka ɗauko mani tabarmata da buta da baƙar tukunyar nan."

Washegari Kawu Magaji ya zo da mota. Ya tsaya bakin zaure yana toshe hanci, ya ce, "Inna, mi kike so mutane su ce? Ana ganina da bene, uwata na kwana cikin kango?" Ba ki dube shi ba. Ɗan fari ne, ba ki kama sunanshi, ba ki haɗa ido da shi, haka kunyar mutanenku take. Kika juya wajen uwata kika ce, "Ku gaya wa wancan, in kunyar kango yake ji, ga kango nan, ya gyara." Bai gyara ba. Katifa ya aiko. Katifa, Hasiya, a ɗakin da in kin kwanta kina hango sama ta rufi!

Ke kika gyara. Da tsintsiya kika fara, ke kaɗai, sai matan unguwa suka ji kunya suka fito da nasu. Kika aika a kira Baba Tahiru magini, wanda ya daɗe da ajiye aiki tunda kowa ya koma bulo da siminti. Ya ce gwiwoyinshi sun mutu. Kika ce, "Ba gwiwarka na kira ba, Tahiru, idonka na kira. Zauna nan ka nuna wa yara." Yaran kuwa mu ne, 'yan kabu-kabun tasharmu, da tuwon gero da miyar kuka kika saye mu. Mu da muka saba da taka giyar moto, muka naɗe wanduna muna taka ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, a sake takawa. Muka dunƙula tubali da hannu muka shanya har wurin ya yi kama da gonar kabewa. Da aka zo rufi aka rasa azara, don giginya ta yi wuya yanzu, sai kika nuna ɗakunan baya da suka riga suka zube, kika ce a zaro na matattu a rufa wa masu sauran numfashi. Kadi, Bafulatanar da ke kawo maki nono, ta riƙa aiko kashin shanu a amalanke don yaɓe, ta ce ita ladanta ki bar mata inuwar zaure ta riƙa ajiye ƙwarya ranar kasuwa. Kika jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tuluna don makubar da za ta hana ruwa cin bango, ni kuma na bi unguwa ina shela cewa amaryata ta samo sabon turare.

Rani biyu muka yi a kan aikin nan. A ranin nan biyu ban ga wanda ya wuce ƙofarki da ƙishirwa ba. Tun ba a gama rufin ɗakinki ba kika kafa randa a zaure da moɗa a kai. Matan ƙauye masu zuwa kasuwa nan suke kwance goyo su ba da nono su huta. Ranar da ɗaya daga cikinmu ya faɗo daga tsani ya gurɗe, ke kika yi ta gasa mashi ƙafa da ruwan zafi kina zagin shi, wai ko biri ya fi shi iya hawa, kuma kwanonshi ne ya fi na kowa nama har ya warke. A ranin nan biyu kuma Kawu Magaji bai taɓa sa hannu cikin ƙasar ba. Kawu Cindo yakan zo, ya tsaya daga nesa da hannu a baya, ya ce, "Sannunku da aiki," ya koma. Tsoron yayanshi ya fi ƙarfin shi, don a shagonshi yake zama.

Ana gab da yin daɓe kika sa na kai ki Cadakori, garinku. Ba ki shiga gidan kowa ba. Kika nufi kufan gidan ubanki, kika zagaya bayan wani guntun bango, kika duƙa kika damƙi ƙasa kika ƙulle a bakin mayafi. Na ce, "Tsufa ya kai ki ga cin ƙasa ke nan?" Kika ce in ja moto in rufe maki baki.

Ranar daɓen tsakar gida ba zan manta da ita ba. Matan unguwa da danginki na Sae Sabuwa suka cika gidan, kowace da madaɓinta, suka durƙusa a jere suna bugun ƙasa da waƙa. Maza ba su shiga, don haka na ɗaura ɗankwali na kutsa cikinsu. Da aka gane ni aka taso mani da madaɓai, sai kika ce, "Ku ƙyale shi, mijina ne, a waje ma ba ya da amfani." Shi ya sa na ga abin da na gani. Suna waƙa suna cewa mai bene ya manta soro, soro bai manta mai bene ba, sai kika ɗaga hannu a daidai gindin bangon ɗakinki, aka tsaya. Kika kwance haɓar zane, kika fito da tsingaro, gutsattsarin tsohuwar tukunyar wankan jego, kika riƙa kafa su ɗaya bayan ɗaya cikin ɗanyar ƙasa. "Nan cibiyar Cindo take. Nan ta Fati, uwar Garzali. Waɗannan ƙanana na waɗanda ba su zauna ba ne." Ba ki yi ko laluben wuri ba, bayan shekarun nan duka. A farkon jerin kuma kika tona rami da yatsa, kika zuba ƙasar nan ta Cadakori, kika kafa wani ja a kai. Na ce, "Ni fa, ina tawa?" Kika ce, "Kai a likita aka haife ka a Maradi, wa ya san inda aka jefa taka? Shi ya sa ba ka zama wuri ɗaya." A ƙarshen jerin kika hana a daɓe wani ɗan wuri kamar faɗin faifai. Matan suka ce zai ɓata aiki. Kika ce, "Na masu zuwa ne. Kada su tarar da ƙasa ta yi masu tauri."

Gidan ya tashi, Hasiya. Mutanen da suka yi shekaru suna zuba shara a ƙofarshi suka riƙa kawo baƙinsu su gani. Abu ɗaya ya rage maki, kina ta faɗa: ki zauna a ɗakinki ki ji ruwan farko yana zuba daga indararo, ki tabbatar rufinki bai yoyo ba.

Ba ki ji ba. Da bazara ta yi zafi tari ya kama ki da zazzaɓi, aka kai ki likita a Maradi. Wannan daidai ne, ni ma na riƙe ki aka sa ki a mota. Amma da aka sallame ki kika ce a mayar da ke gida, sai aka wuce da ke bene. Kawu Magaji ya aika aka sa sabon kwaɗo a ƙyauren da muka kafa da hannunmu, ya jefa makulli a aljihu. Kullum sai kin ce a kai ki Tibiri, kullum sai a ce gobe. Uwata ta durƙusa ta roƙe shi, ya ce ita mace ce ba ta san abin da ake ciki ba. Ran nan kika jawo hannuna kika ce, "Maigida, ina motonka? Ka sake sakina mana." Na yi dariya don ki gani, na fita waje na yi kuka, abin da ban taɓa yi a gabanki ba. Lokacin ko zama ba ki iyawa, balle hawan moto, shi kuma mai mota ya hana mota. Maganarki ta ƙarshe da ni ba wasiyyar dukiya ba ce. Cewa kika yi, "Ka duba indararo kafin ruwa, kada ganye ya toshe su."

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malaminmu ya karantar da mu haka tun muna kan allo. Ban ce sun rage maki ko numfashi ɗaya ba. Amma Maradi zuwa Tibiri tafiya ce da ko shayi ba ya hucewa kafin a kai. Tsohuwa ta bi rana rani biyu tana gyara ɗakin da za ta mutu a ciki, a hana ta, don kada a ce uwar Alhaji ta cika a ginin ƙasa. Wannan ba ƙaddara ba ce kaɗai, akwai hannun mutum a ciki, kuma na san mai hannun.

Da kika cika, aka shirya a yi maki wanka a Maradi, a wuce da ke maƙabartar Tibiri kai tsaye. Ban yi shawara da kowa ba. Na riga su isa, na ari guduma wurin maƙeri na fasa kwaɗon. Kafin motar ta iso matan da kuka yi daɓe tare sun share gida, sun ɗora ruwa, sun tsaya a bakin hanya. Uwata kuma ta ce ba mai taɓa gawar uwarta sai a ɗakinta. A ɗakinki aka wanke ki, ta zaurenki aka fita da ke, a ƙofarki aka shimfiɗa tabarmin makoki. Wannan kaɗai na iya yi maki.

Ranar sadakar uku wani Alhaji ya zo daga Gazawa, dillalin aya, da babbar riga. Ya yi gaisuwa kamar kowa, aka shafa fatiha, sai ya ce yana son buta. Ga butoci nan zube a ƙofar gida, amma Kawu Magaji da kanshi ya tashi ya yi mashi jagora zuwa ciki. Na bi su. Na ga mutumin nan yana buɗa ƙafa yana takawa daga bango zuwa bango, bakinshi na motsi, kuma ba tasbihi yake ba. Da takalmi ya bi ta kan daɓenki. Mata na zaune suna hawaye yana ratsa su yana awo. Ya ƙwanƙwasa bangon ɗakinki da bayan yatsa kamar mai sayen kankana. Kadi na kusa da su, ta ji abin da ya ce, ni ma na ji: "Ginin ba wani abu ba ne, rana ɗaya katafila za ta kwashe shi. Amma fili ya yi, magaza za ta zauna."

Magaza, Hasiya. Inda kika haihu, inda kika yi takaba, inda aka wanke ki shekaranjiya, nan za a jibge buhunan aya. Ruwan da aka yayyafa wa kabarinki bai gama bushewa ba. Shekara ashirin gidan nan na hannun jemagu ba wanda ya tuna yana da gado a ciki. Sai da tsohuwa ta kwashe juji da hannunta, hanya ta buɗe, mutane suka fara tsayawa kallo, sannan aka tuna cewa wurin tsakiyar gari ne. Ashe ba gida kika gyara masu ba, talla kika yi masu. Ashe "gobe" da ake ta ce maki, jira ake yi.

Ni jika ne ta wajen ɗiya, ba ni da ko taki ɗaya a gadon nan, kuma yaro ba ya tsayawa gaban kawunshi ya faɗa mashi magana. Abu ɗaya al'ada ta bar mani: wasan jika. Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a, na shiga ɗakinki na ɗaura baƙin zanenki na saƙi, na yafa mayafinki, na ɗauki sandarki, na tsotse leɓɓa kamar marar haƙori, na fito a duƙe ina irin tarinki. Mata suka fashe da dariya, wasu suna yi suna share ido. Na ratsa har zaure wurin maza. An saba in jika ya yi haka a ba shi wani abu ya tuɓe, don haka Kawu Magaji ya sa hannu a aljihu. Na juya mashi ƙeya yadda kike yi, na ce da muryarki, "Ku gaya wa wancan ya mayar da hannunshi. Su biyo ni ciki, shi da ƙannenshi." Liman na dariya ya ce, "Alhaji, ku bi uwarku mana." Ba yadda za su yi, suka biyo, jama'a na bayansu.

Na kai su gindin bangon. Na nuna da sanda na ce, "Fati, nan kike." Ranar ce kaɗai na taɓa kama sunan uwata a gabanta. Sannan na ce, "Cindo, matso. Kai ka fi kowa kaya a ƙasan nan. Da yatsa shida ka zo duniya, wanzami ya ɗaure na shidan da zare, ya bushe ya faɗi, na tona nan na haɗa shi da cibiyarka. In za ku sayar, ka gaya wa Alhajin Gazawa kuɗin yatsa daban ne." Gida ya ɗauki dariya har da masu riƙe ciki. Kawu Cindo bai yi dariya ba. Gefen hannunshi yake kallo, inda ɗan tabon nan yake kamar ƙwayar dawa.

Sai Kawu Magaji ya ce, "Ya isa, Garzali. Wannan bidi'a ce da rashin kunya. Tunda kai ka san komi, ni ina tawa? A Cadakori aka haife ni, gidan iyayenta. Ba ni da komi a ƙasan nan. Ko sunana ba a taɓa kira a gidan nan ba."

Na sauke mayafin, na miƙe tsaye, don wannan ba maganar wasa ba ce. Na ce, "Kawu, ni na kai ta Cadakori. A bayana ta yi tafiyar nan da tsufanta, ta je bayan ɗakin da ta haife ka, ta ɗebo ƙasar wurin a bakin mayafin nan da ke hannuna. Da yatsanta ta tona ta zuba, ta kafa jan tsingaro, ta ce, 'Na wancan ne, shi ne na fari, shi zai fara jeri.' Matan nan duka shaida ne. Ɗaga ƙafarka, Kawu. A kai kake tsaye."

Ya ɗaga ta kamar wanda ya taka garwashi. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ratsa mutane ya fita, muka ji tashin mota.

Ba zan yi maki ƙarya ba, ban san abin da ke zuciyarshi ba. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, ya kuma aika wa uwata cewa ba ta yi mani tarbiyya ba. Bai ce ya fasa ba, kuma an sake ganin motar Alhajin Gazawa a ƙofar shagonshi. Amma ga abin da na gani da idona. Ranar da hadarin farko ya haɗo da hantsi, na tuna maganarki, na ajiye fasinja a hanya na kama Tibiri. Ina isa na tarar da mutum a kan soro, ya naɗe wando, yana zaro ganye daga indararo da hannu. Kawu Cindo ne. Ya leƙo ya ce, "Kai mijin tsohuwa, tsayawa za ka yi kana kallona? Miƙo mani kwanon ƙasa, akwai tsaga nan." Muna sauka ruwa ya kece. Muka zauna ƙofar ɗakinki muna jin shi yana zuba. Rufinki bai yoyo ba, Hasiya, ko ɗigo. Da ruwa ya ɗauke ya ce mani ya gaya wa yayanshi shi ba ya sayar da yatsanshi, ko da za a kore shi daga shago.

Uwata ta kwaso kayanta ta tare a ɗakinki, ta zo da ƙanwata Rukaiya da tsohon cikinta. Bayan Sallah da kwana biyu Rukaiya ta sauka, ɗiya mace. Wurin nan da kika hana a daɓe, da hannu kawai na tona shi aka binne cibiyarta, ƙasar ba ta yi tauri ba. Uban jaririyar ya riga ya yi mata huɗuba da sunanki. Sai dai wannan Hasiyar ba ni da damar tsokanar ta, don ni kawunta ne. Allah Ya sa kada wata rana ta tsaya ta faɗa a kaina irin abin da na faɗa a nan.

Ranar Lahadi mai zuwa ce sadakar arba'in ɗinki, ita ce kuma ranar suna. Da safe za a yanka rago a ƙofar zaure, da rana malamai za su zauna rabon gado. Shari'a ta ba Kawu Magaji haƙƙinshi, ban isa in hana ba, kuma mai yiwuwa zauren ne zai faɗa rabonshi. Kawu, na san za a karanta maka wannan. In zauren ya zama naka kuma ka ce sai an rushe, roƙona ɗaya: kada ka aiko katafila kana zaune a Maradi. Ka zo da kanka. Zan ara maka diga wurin maƙerin da ya ara mani guduma, ka kai sara na farko da hannunka, matan da suka yi daɓe suna kallo, mai sunan uwarka tana ɗaki tana ji. In hannunka ya iya, ni ba zan ƙara cewa komi ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Hasiya ta zo maKa. Ta shayar da mai ƙishirwa, ta ba matafiyi inuwa, ta raya wurin da ya mutu. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya randarta don bayinKa. An hana ta cikawa a ɗakin da ta gyara, Ka ba ta ɗaki a Aljanna Firdausi wanda ba mai sa mashi kwaɗo. Ka haɗa ta da Malam Yusufu da 'ya'yanta da ba su zauna ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina yi wa mahaifiyata ta'aziyya, da Kawu Cindo, da Rukaiya da sauran jikoki, da Baba Tahiru, da Kadi, da matan unguwa da na Sae Sabuwa da Cadakori, da 'yan tasharmu da suka ci tuwonta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ina yi wa Kawu Magaji ta'aziyya shi ma, ko ya amsa ko bai amsa ba, don shi ne ya rasa uwar da ba ta taɓa kiran sunanshi ba, ba ta kuma taɓa manta inda ta binne cibiyarshi ba.

Sauka lafiya, amarya. Sakin nan da na yi maki a hanyar Tibiri, wasa nake yi.

Mijinki,
Garzali